Tiredi 33 a inci: yadda aka sake ƙera sassan wata tsohuwar Lee-Enfield ta 1914

Bindigar da mai ita

Mutumin dattijo ne, ya haura saba'in, yana zaune a wani ƙaramin gari kusa da Birmingham a Ingila. Ni ban san shi ba sai ta dalilin wani tsohon ma'aikacin ƙarfe da ya yi ritaya, wanda nake zuwa ɗan shagonsa na bayan gida duk Asabar ina koyon aikin injin feƙe ƙarfe, wanda masu sana'ar ke ce wa les. Ni dai Baba nake kiransa, da farko yana dariya, yanzu har ya saba yana amsawa. Toh a shagon Baba aka yi duk aikin da zan ba da labari, ni kuma nawa riƙe fitila ne da rubuta awo a littafi.

Bindigar Lee-Enfield ce, samfurin SMLE Mk III, wadda sojan Birtaniya suka karɓa a Janairun 1907. Mai cin harsashi .303 ce, gidan harsashinta na ɗaukar 10, tsawonta inci 44 da rabi, nauyi kusan kilo 4. A jikin zoben ƙarfen da ke haɗa gindi da gangar jiki an buga kambin sarauta da BSA da 1914, wato kamfanin Birmingham Small Arms ne ya ƙera ta a Small Heath, shekarar da aka fara yaƙin duniya na farko. Mu ma ba baƙuwa ba ce a wajenmu, dangin Lee-Enfield ne kakanninmu na rundunar RWAFF, sojan Afirka ta Yamma na zamanin mulkin Birtaniya, suka rataya a yaƙin Burma cikin runduna ta 81 da ta 82, shi ya sa har yau ake da barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna. Mak fo ɗin nan da 'yan sanda suka daɗe suna yawo da ita ƙanwarta ce, kuma wannan zumuncin ne ma ya jawo matsalar farko, za mu zo wajen.

Abu ɗaya da ya kamata a sani tun yanzu: wannan bindiga matacciya ce. An kashe ta tun shekarun 1990, an tsaga bututun an toshe shi da walda, an gurje fuskar bolt, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi, kuma gidan gwajin bindigogi na Birmingham ya buga mata hatimi ya ba da takarda. Ado ce ta rataye a bango da tarihi. A dokar Birtaniya sassan da ake sa wa ido su ne masu riƙe ƙarfin fashewa, irin su bututu da gangar jiki da bolt, su kam ba mai taɓa su sai da lasisi. Sukuru da zoben maratayi da abin saiti ba sa ciki. Duk da haka sai da Baba ya karanta takardar nan da kansa, ya duba lamba da lamba, kafin ya bari a shigo da ko da hancin bindigar, wato ƙarfen da ke rufe bakin katakonta ta gaba, shagonsa. A Najeriya lissafin daban ne, dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko gyara bindiga ba da izinin hukuma ba.

Oktoba: abin da ya ɓace da abin da aka fara gwadawa

Abu uku ne babu. Na ɗaya, sukurun da ke riƙe ɗan zoben nan mai buɗaɗɗen baki a ƙarƙashin hancin bindiga, wanda sojoji ke sarƙe bindiga uku da shi su kafa su tsaye kamar murhu idan an yada zango. Zoben yana nan, amma da waya aka ɗaure shi. Na biyu, ƙaramin sukurun bayan ƙarfen da ke kare kunama, kansa ya tsage gida biyu. Na uku, hannun abin saitin nesa da ke gefen hagu na katako.

Mai bindiga ya fara da abin da kowa zai fara, ya yi oda ta intanet, don kayan Lee-Enfield ba wuya suke ba, an ƙera miliyoyinsu. Sukurun da aka aiko masa ya shiga zagaye biyu da rabi ya cije. Shi kuma ya ga ai tsatsa ce, ya zuba mai, ya sa babban sukudireba ya ƙara masa ƙarfi har ya shige. Da ya kwance shi don ya sa zoben sai ga garin ƙarfe na zubowa. Ashe sukurun na No. 4 ne, wato mak fo, a ido kamar tagwaye suke amma tiredinsu, wato haƙoran da ke nannaɗe a jikin sukuru, ba ɗaya ba.

Ya sake oda daga wani wuri, wannan karon aka aiko na ainihi, tsoho mai maiƙo. Sai dai ramin ya riga ya ji jiki, sukurun ya shiga har ƙarshe yana lilo, in ka ɗan matsa sai ya zarce. Ya gwada manne shi da gam ɗin noti, kwana huɗu zoben ya karkace da shi. Wani maƙwabcinsa makanike ya ce a wuce da taf na M6, wato ƙarfen da ke yanka tiredi cikin rami, a huta, wani kuma ya ce a sayi wani hancin gaba ɗaya tunda ana samu. Nan ne dattijon ya tsaya, domin a kan hancin, daidai ƙullutun da banati ke zama, akwai lambar bindigar, irin wadda ke kan gangar jiki da bolt. Shekara ɗari da wani abu suna tare.

Farkon Nuwamba: awo

Hancin kawai aka kwance aka kawo, da ƙarfen kunama, da allon saitin. Sati biyu cur Baba bai kunna inji ba, wallahi har na fara gajiya, kullum sai wanke rami da kananzir da ƙaramin burushi da leƙe ta madubin ƙara girma.

Sukurun ainihi da aka saya shi aka fara aunawa. Kaurinsa a maikuromita, na'urar auna kauri, inci 0.187, wato kusan milimita 4.76, daidai da 3/16 na inci. Aka ɗauko ma'aunin tiredi, ganyayyakin ƙarfen nan masu haƙora, aka ɗora na 32. A haƙori uku na farko ya zauna, daga na biyar sai haske ya fara ɓullowa ta ƙasa. Babu ganyen 33 a cikin saiti biyun, daga 32 sai 36 a ɗaya, ɗayan kuma 34. Sai Baba ya shafa wa sukurun baƙin tawada ya mirgina shi a kan farar takarda, muka sa rula da madubi muka ƙirga layi a rabin inci: 16 da rabi. Sau uku muna maimaitawa. Tiredi 33 kenan a inci.

Ga inda tarkon yake. A wannan kaurin akwai sukuru har huɗu da ke zagaye da shi, kowanne kamar shi amma ba shi ba. 2BA, wato irin na No. 4 ɗin da aka fara sakawa, kaurinsa milimita 4.7, tazarar haƙori 0.81, kusurwa digiri 47.5. Na 3/16 BSF kauri ɗaya sak, 4.76, amma haƙori 32, tazara 0.794, kusurwa 55 irin ta Whitworth. Na Amurka 10-32 kauri 4.83, shi ma 32, kusurwa 60. M5 kauri 5, tazara 0.8, kusurwa 60. Shi kuma namu tazararsa 0.77. Tsakaninsa da 2BA bambancin 0.04 ne kacal a zagaye ɗaya, ido ba ya gani, amma a zagaye biyar ya taru ya zama 0.2, fiye da rubu'in haƙori, dole ya cije, in ka matsa kuma ɗaya ya ci ɗaya. No. 4 da aka tsara daga baya ta koma tiredin BA da BSF na kowa da kowa, ita kuwa SMLE ta gaji na masana'antar gwamnati ta Enfield ne, tiredinsu na gida mai lambobi irin su 30 da 33 da 37 da ba ka samu a kantin noti.

Saura ramin kansa. Ba a iya sa maikuromita cikin rami, don haka aka zuba masa Cerrosafe, wani haɗin ƙarfe ne da ke narkewa ƙasa da zafin tafasar ruwa, tsakanin digiri 70 da 88. Halinsa shi ne idan ya daskare yana ɗan tsukewa a rabin awar farko sai ka samu ka warware shi kamar sukuru, bayan awa ɗaya kuma ya dawo daidai girman ramin, a lokacin ake awo. Zubin farko ya lalace don hancin da sanyi, ƙarfen ya daskare kafin ya cika haƙoran. Aka ɗumama hancin da na'urar busar gashi aka sake, ya fito tas. A madubi muka ga labarin duka: haƙori biyar ne a kunnen mai tiredi, ɗaya daga kunnuwa biyu na hancin da sukurun zoben ke ratsawa, biyun farko lafiya, ukun ƙarshe an aske musu kai, ga kuma wata siririyar hanya da 2BA ya yanka ta gicciye su. Kusurwar haƙoran da suka tsira ba ta kai 55 ba, tana kusa da 50, kai da gindi a zagaye.

Ɗaya kunnen, wanda sukuru ke ratsawa kawai, faɗin raminsa 4.9. Baba ya ja layi biyu ƙarƙashin wannan lambar, don duk ƙibar da za a ƙara wa sabon sukuru dole ya iya wucewa ta nan tukuna.

Ƙarshen Nuwamba: giya da sukuru biyu da aka zubar

Injin Baba Myford ML7 ne, tsoho, ba shi da akwatin giya, da hannu ake jera ƙafafun giya a bayansa. Doguwar sandar da ke jan wuƙa tana da haƙori 8 a inci, saboda haka in kana son 33 sai ka rage gudu da 8 bisa 33. Saitin giyar da ke zuwa da injin akwai 20, 25, 30, 35, 38, 40, haka dai har 75. Baba ya yi lissafin a bayan ambulan: 20 ta ja 55, sannan 40 ta ja 60. 20 sau 40 ya ba da 800, 55 sau 60 ya ba da 3,300, in ka rage ya koma 8 bisa 33 cif. Sa'ar ita ce 33 na da 11 a ciki, 55 ma haka.

Wuƙar kuma da hannu aka wasa ta a dutse, ana gwada ta da zubin Cerrosafe a gaban fitila har haske ya daina ratsawa, sannan aka ɗan zagaye bakinta da dutsen mai. Ba a kunna motar injin ba wajen yankan tiredi, hannun juyawa aka sa a bayan injin ana murzawa a hankali, in an kai ƙarshe a janye wuƙa a juya baya ba tare da an saki sanda ba.

Sukuru na farko da tagulla aka yi, da gangan, don in ba su shirya da ramin ba tagullar ce za ta ji ciwo. Ya shiga zagaye ɗaya ya tsaya. Awo ya nuna bakinsa ya fi gindinsa kauri da 0.06. Dalili kuwa sandar siririya ce, ta fito milimita 22 daga bakin cak, wato matsen da ke riƙe ta a injin, ba abin da ya tallafe ta, duk sanda wuƙa ta taɓa bakin sai ya kauce, wuƙar ta shafa kawai ba ta ci ba.

Na biyu aka tallafe shi da ƙaramin tsinke ta baya, kaurin ya daidaita, amma ya fito da sako-sako fiye ma da na ainihin. Wannan kam laifina ne, ni ke karanta agogon zurfi, na manta agogon injin da dubun inci yake ƙirga ba milimita ba, a yankan ƙarshe na ba da 2 ina nufin 0.02, ashe na ba da 0.05. Baba bai ce komai ba, ya jefa shi cikin gwangwanin shayin da yake tara irinsu, ya ce in ɗora ruwan zafi.

Na uku, tagulla har yanzu, aka yi shi kauri 4.85, zurfin haƙori wajen rabin milimita, yankan ƙarshe uku ba a ƙara komai ba, wuƙa na bi ne kawai tana share abin da ya rage. Ya ratsa kunnen farko da ƙyar, ya kama haƙori biyu lafiya, a na uku ya yi nauyi. Da aka fito da shi sai ga zane a jikinsa daidai inda 2BA ya tura ƙarfe cikin kwarin tiredi. Toh an gane tazara daidai ce, ƙiba daidai ce, tarkacen da ke kwance a hanya ne matsala.

Disamba: taf na gida

Ba a sayar da taf mai 33 a wannan ƙibar, don haka ba a taɓa jerin giyar ba, aka yanka irin tiredin a kan sandar silba-sitil, ƙarfen da ke ɗaukar tauri. Aka fere bakinsa ya ɗan yi tsini, aka yanka masa kwari uku a tsaye, aka gasa shi da wutar gas har ya yi ja kamar gauta, aka tsoma a ruwa, aka goge, aka sake ɗumama shi a hankali har ya yi ruwan kara sannan aka sake tsomawa. Na farko ya lanƙwashe don an tsoma shi a kaikaice. Na biyu aka tsoma shi a miƙe, ya fito sambal.

Shigar da shi ta ɓangaren haƙora biyu masu lafiya aka yi, don su ja shi kan tsohuwar hanya kar ya bi ta 2BA. Da yatsa biyu kawai, ba mariƙi, rabin zagaye gaba, rubu'i baya, ana ɗiga mai. Ya ɗauki kusan minti arba'in kan rami mai haƙori biyar. Abin da ya fito a jikin taf ɗin bai fi ƙwayar gero biyu ba in an tara.

Ran Asabar ta biyu a watan aka yanka na ƙarfe, da EN1A mai sauƙin yanka, wanda ya fi hancin laushi. An kwaikwayi kan na ainihi, ɗan tudu, da siririn tsagi da aka yi da zarton inji mai kaurin milimita 1, aka kuma huda ɗan rami a bakinsa kamar yadda na ainihin yake, inda ake bugawa da ponci ya baje don kar ya warware. Ya shiga da yatsa har zagaye huɗu, na biyar da sukudireba, ya zauna daram, zoben na lilo yadda ya kamata. Ba a buga poncin ba. Mai bindiga ya so a buga, Baba ya ce bindigar da ke rataye a bango ba inda za ta da sukuru zai warware, kuma duk wanda zai kwance shi nan gaba da bajajjen baki zai sake cin haƙoran nan.

Janairu: 37

Ƙaramin sukurun bayan kunama raminsa lafiya lau, kansa ne kawai ya tsage, kuma da an so da an saya. Amma tunda an riga an shiga ruwa. Aka mirgina shi a takarda, 37 a inci, tazara 0.686.

37 ba ya rabuwa da komai, don haka ba yadda za ka jera giyar Myford ta ba ka shi cif. Mafi kusa da muka samu a ambulan shi ne 20 ta ja 50, 35 ta ja 65, wanda ke ba da 37.14. Kuskuren bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, a tsawon rubu'in inci bai fi 0.025 ba, gaskiya da ya yi aiki, na tagulla da aka gwada ma ya shiga. Ni na ce a tafi a haka. Baba ya ce yana so ya ga ko robar nan tawa da nake ta yabo za ta iya wani abu, yana nufin injin ɗab'in 3D da ke wajen aikinmu.

Giyar Myford 20 DP ce, wato ma'aunin girman haƙorinta, mai kusurwar digiri 14.5, saboda haka mai haƙori 37 faɗinta zai zama inci 1.95, kusan milimita 49.5. Na zana na buga, ta farko ramin tsakiya ya tsuke sai da aka bi shi da rima, ƙarfen daidaita faɗin rami. Aka jera 20 ta ja 37, 30 ta ja 75, ya ba da 8 bisa 37 daidai. Tunda da hannu ake juyawa ba wani nauyi a kanta, robar ta yanka sukuru uku ba ta nuna alamar gajiya ba. Tana nan rataye a ƙusa tare da na ƙarfen, ita kaɗai ce ruwan lemo.

Fabrairu: hannun saitin nesa

Wannan abin saitin yana da ɗan tarihi. Allo ne zagayayye a gefen katako mai lambobi daga wajen yadi 1,600 zuwa 2,800, da hannu kamar na agogo mai ɗan ƙwallo a baki, sai wani ɗan ƙarfe mai huda da ake ɗagawa a baya kusa da makullin kariya. Ba don a harbi mutum ɗaya aka yi shi ba, yadi 2,800 ya haura kilomita biyu da rabi, wa kake gani a nan? Don kamfani guda su ɗaga baki sama su yi ruwan harsashi kan fili ne. Da bindiga mai sarrafa kanta ta karɓe wannan aiki, ga kuma yaƙi na neman bindigogi da gaggawa, sai samfurin Mk III* na 1916 ya zubar da shi, tare da ƙarfen da ke toshe gidan harsashi. Da yawa daga tsofaffin ma an cire musu nasu a wajen gyara. A wannan allon ya tsira, hannun ne babu, sukurunsa da ɗan zobensa na sifirin kuma muka tsince su a naɗe cikin tsumma a ramin gindin bindiga, inda ake ajiye kwalbar mai da igiyar wanke bututu.

Gwajin farko daga hoto aka yi. Mai bindiga ya samo hoto mai kyau a intanet, na auna faɗin allon a hoton na kwatanta da namu na fitar da sikeli, na zana, na buga da roba. Da aka ɗora, tsinin ya wuce layin lambobi da milimita ɗaya da rabi. An ɗauki hoton a ɗan karkace, kuma hannun ya fi allon kusa da kyamara, sai ya fito ya fi girmansa.

Sai aka samu aron na ainihi daga wani mai tara irin kayan, sati biyu ya bayar, da sharaɗin ko magagari kar a nuna masa. Aka kwantar da shi kan sikana tare da rular ƙarfe, a ɗigo 1,200 kowane inci, wato kowane ɗigo wajen 0.02 na milimita. Sikana ba ta da matsalar karkata irin ta kyamara in abu a kwance yake. Kauri da ramuka kuma da maikuromita da bayan ƙusoshin diril aka auna.

A nan Baba ya yi abin da ya fi burge ni a duk aikin. Na miƙa masa lambobina na milimita, sai ya mayar da su inci ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, mai zanen nan na Enfield wace lamba zai rubuta? Inda na samu 7.88 ya ce wannan 5/16 ne da ya sha hannu, 7.94. Inda gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi ya ce ba haka aka haife shi ba, gogar katako ce, aka ɗauki gefen da bai ci ba aka juya shi ɗaya ɓangaren. Hannun aron ma ya ɗan lanƙwashe wajen ƙwallon, ba a kwafi wannan ba.

Roba ta biyu ta zauna daidai kan lambobi. Daga nan aka yanko shi daga farantin ƙarfe da zarto, aka ɗaura wasu faifai biyu masu tauri a ramin tsakiya don magagari ya bi gefensu ya fitar da zagaye, ƙwallon kuma aka feƙe shi daban a les aka dasa. Asabar uku ya ci.

Maris: launi

Ruwan baƙi na kwalba aka fara shafawa, mai aiki a sanyi. Ya ba da wani shuɗi mai dabbare-dabbare da wari, kusa da tsohon ƙarfen kamar an sa wa tsoho sabuwar hula. Aka goge. Sai aka koma tsohuwar hanya, a ɗumama ƙarfe ya wuce shuɗi a tsoma cikin mai, a maimaita sau huɗu, ya yi baƙi mai duhu. Aka bi kusurwoyi da ulun ƙarfe mafi laushi kaɗan.

Mai bindiga ya tambaya ko za a buga wa hannun 'yar kibiyar nan ta gwamnatin Birtaniya da ke jikin sauran sassan. Baba ya ƙi. A bayan hannun, inda ba a gani sai an kwance, ya buga R ƙarama, a ƙarƙashin kan kowane sukuru kuma ɗigo biyu na ponci.

Abin da ya yi aiki, da wanda bai yi ba

In aka tara, aikin ya ci wajen awa 45 cikin wata shida, kan sukuru biyu da ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba. Ta fuskar kuɗi ba shi da kai, da wani aka biya da kuɗin ya sayi hanci goma. Sukurun 37 kam son rai ne kawai, da giyar robar, 37.14 ma da ya wadatar.

Ɓarnar gaske guda ɗaya ce a duk labarin, kuma cikin minti biyu aka yi ta a Oktoba, lokacin da sukuru ya cije a zagaye biyu da rabi aka ƙara masa ƙarfi. Tsatsa tana yin nauyi ne tun daga farko ko ta riƙa kamawa tana saki, shi kuwa tiredin da ba nasa ba yana shiga salin alin sannan ya ƙara nauyi da kowane zagaye. Da dattijon ya tsaya a nan, sukurun ainihi da ya saya daga baya zai zauna, ba sai an kunna les ba.

Gam ya faɗi don ba shi da haƙoran da zai riƙe. Hoto ya faɗi don ba awo ba ne. M6 da zai riƙe ƙam, amma sai an faɗaɗa kunnuwa biyu da ramin zoben, kuma daga ranar ba sukurun Enfield da zai sake shiga hancin nan. Abin da ya fitar da mu shi ne an auna ramin kansa ba sukurun kaɗai ba, sannan duk gwaji da abin da ya fi hancin laushi aka yi, tagulla da roba, shi ya sa kurakurai huɗu da muka tafka duk a gwangwanin shayi suka ƙare. Inda nake da ɗan ja da Baba shi ne taf ɗin, ko yaya dai ya ci ƙarfen 1914, ƙwayar gero biyu ma ƙarfe ne, kuma ramin yanzu 4.85 yake so, na ainihi zai shiga amma da ɗan lilo. Shi yana ganin haƙori biyar masu kamawa sun fi biyu, ni ma ban da wata hanyar da ta fi.

Bindigar ta koma bango ranar Asabar ta ƙarshen Maris. Taf ɗin, da sukuru ɗaya na ajiya, da 'yar takarda mai awo da jerin giya, Baba ya naɗe su cikin tsumman nan ya tura ramin gindi ya rufe murfin tagullar.